Canjin Kamara: Abin da Na Rubuta Daga Ƙaramar Sallah Zuwa Bayan Babba

Lahadi, 6 ga Afrilu, 2025

Ƙarfe ɗaya saura na dare na shigo gida jiya daga wata dina a Ikeja, barci kuwa bai zo ba sai gab da kiran assalatu. Shekarata tara ina ɗaukar hoton biki a Legas, huɗu daga ciki da kamarar da ke hannuna yanzu, ban taɓa zama ina tunanin rabuwa da ita da gaske ba sai daren jiya. Shi ya sa na buɗe wannan littafi. In ban rubuta ba, da zafin rai zan shiga kasuwa, kuma cinikin zafin rai ba ya yi wa mutum kyau.

Abu biyu ne suka faru. Lokacin shigowar amarya aka kashe fitilun zauren, aka bar masu launi suna juyawa, aka saki hayaƙi, ƙawaye cikin anko suka sako ta a tsakiya suna tafe suna rangaji. Na yi ta danna shota. Da na duba bayan kamara sai gabana ya faɗi, fuskar amarya ta yi dishi-dishi a hotuna da yawa. Na biyu kuma batir. Ranar Juma'a ba a kawo wuta ba a layinmu na Agege, man janareta ya ƙare, uku kaɗai na samu na cika cikin batura shida. Wajen ƙarfe goma na ƙarshen ya fara nuna ja. Mu biyar ne masu kamara a wurin: maigidana da yaronsa da Canon, masu bidiyo biyu da Sony, sai ni da Fujifilm. Babu wanda batirinsa zai shiga tawa. Da fawabank a aljihun gaban riga na ƙarasa aikin, waya tana reto tsakanina da kamara, ina tsoron kada gyalen wata ya fizge ta.

Kayan da nake da su: Fujifilm X-T3 da na saya na hannu a 2021, ƙaramar X-T30 ta ko-ta-kwana, lensi uku (16-55 f/2.8, da 56 f/1.2, da 35 f/1.4), filashin Godox na kan kamara, babban filashi AD200 guda ɗaya da tirigar da ke kunna shi daga kan kamara, batura shida. Wannan shi ne jarina duka.

Laraba, 9 ga Afrilu

Kwana uku ina kan kwamfuta. Na ware hotunan shigowar amarya, na buɗe bayanan kowanne ɗaya bayan ɗaya, don kamara tana ajiye duk yadda aka saita ta a lokacin da aka danna. Abin da na gani bai yi min daɗi ba, amma gara da na gani. Yawancin waɗanda suka lalace a saurin shota na 1/60 na daƙiƙa na ɗauke su. Na bar ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, a hannun kamara, na kuma yi mata iyaka tun a wani aikin rana da na yi kafin azumi, ban sake waiwayar wurin ba. Da ta kai iyakar, sai ta koma rage saurin shota don ta samu haske. Mutum yana tafiya yana rawa, 1/60 ba ya tsayar da shi, ko wace kamara ce a duniya. Wannan laifina ne, na rubuta shi a nan don kada gobe in ɗora wa ƙarfe.

Sai dai akwai ragowar magana. Ko da na saita daidai, a 1/250, da sai ISO ya haura 6400, kuma a nan ne girman sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai a cikin kamara, yake nuna kansa. Tawa milimita 23.5 ce a 15.6. Ta su maigida 36 a 24, faɗin filinta ya ninka tawa sau biyu da 'yan kai. Idan duhu ya yi, ita ta fi tara haske, ƙurar da ke fitowa a inuwar hoto ta fi kaɗan a wurinta. Buɗin lensina na f/2.8, in aka zo maganar narkar da baya da jimillar hasken da aka tara, kamar f/4 ne a hannunsu. Sannan X-T3 ba ta da abin da ke riƙe sensa idan hannu ya girgiza, lensin 16-55 shi ma ba shi da shi. A hoto da filashi wannan bai taɓa damuna ba. Amma yanzu kowace amarya tana son gajeren bidiyo na tsaye da za ta sa a Instagram da TikTok tun kafin a watse, kuma ba kullum nake da sararin ɗora kamara a gimbal, mariƙin da ke hana ta girgiza, ba.

Na kai wa uwar amarya hotunan da na tace. An samu guda huɗu masu kyau na shigowar, sun isa albam. Ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana, sun yi." Na fito ina jin nauyin abin da ba ta gani ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Na hau jirgin ƙasa na jan layi daga Agege zuwa Ikeja, tasha ɗaya ce, na taka zuwa Computer Village. Tun da jirgin ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban bara na daina ɓata safiyata a cunkoson hanyar nan. Ban je da niyyar saye ba, farashi na je ji.

Uku nake dubawa. Sony A7 III ta 2018, wadda ta cika gari, ta hannu tana samuwa ko'ina. Sony A7 IV ta 2021 mai megafiksel 33. Sai Canon R6 Mark II ta ƙarshen 2022 mai 24. Biyun ƙarshe dala 2,499 kowacce ta fito kasuwa, bodi zalla ba lensi. Na biya ta wurin yayana da ke sana'ar canji a Allen, ya ce dala tana wasa tsakanin 1,500 da 1,600. Lissafin bai da wahala: kusan naira miliyan 4 kafin a taɓa lensi ko ɗaya. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da gwamnati ta saki naira, farashin hukuma bai kai 500 ba. Duk wanda ke sana'a da kayan da ake shigowa da su ya san abin da shekarun nan biyu suka yi masa. Kuɗin da muke karɓa a biki bai ninka uku ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tayin da aka yi wa kayana. Shago uku na shiga da hotunansu a waya. Ɗaya ya ce ba ya karɓar Fuji sam, tana daɗewa a kanta. Biyu suka taya, tayin da ya sa na yi shiru na mayar da waya aljihu. Ban ga laifinsu ba, ɗan kasuwa abin da zai fita da wuri yake nema. Amma na fahimci cewa a garin nan ranar sayarwa ake sanin ko mutane nawa ne ke amfani da irin kayanka.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na yi wa maiɗakina bayani bayan sallar isha'i. Ta saurara har na gama, sannan ta tuna min kuɗin haya na shekara a watan Agusta yake, ga makarantar yara a Satumba, ga layya kafin nan. Ta ce ba ta hana ni ba, amma kada in taɓa kuɗin haya. Na yi mata alkawari, kuma na rubuta shi a nan.

Asabar, 26 ga Afrilu

Suna a Ketu, gidan wani dillalin albasa na kasuwar Mile 12. Ɗaya daga cikin masu bidiyonmu ya ara min A7 IV da lensin Tamron 28-75 f/2.8 na yini guda. Na zaɓi suna da gangan, don in an samu kuskure ba kamar ɗaurin aure ba ne, kuma tawa tana kafaɗa.

Yadda take kama ido abin mamaki ne. Yarinya 'yar shekara uku tana gudu tsakanin tabarmi da tukwanen tuwo, ɗan koren akwatin nan yana maƙale da idonta, ta juya baya ya koma kanta, ta waigo ya dawo ido. Na ɗauki wanzami yana aske kan jariri a cikin ɗaki mai taga ɗaya, ba filashi, hoton ya fito tas. Batir ɗaya ya kai ni la'asar. A takarda ma haka abin yake: ma'aunin masu ƙera kamara ya ba X-T3 hoto 390 a caji ɗaya, A7 III mai irin wannan batir na Sony ya ba ta 710.

Babbar fa'idar Sony ita ce lensi. Sun daɗe da buɗe wa wasu kamfanoni bakin kamararsu, shi ya sa Tamron da Sigma suke da zum na f/2.8 masu sauƙin kuɗi da ke hawa kai tsaye. Ga mai ƙaramin jari wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma hannuna ya sha wahala. A Fuji saurin shota yana kan dayal a sama, ISO a ɗaya gefen, buɗin lensi a zoben lensin kansa. Ko a kashe take ina kallonta na san inda take. Yau sau biyu babban yatsana yana lalube a inda babu komai, har liman ya shafa addu'a kafin in gyara haske. Wannan sabo ne, zai wuce, amma zai ci wata ɗaya ko biyu, kuma a bikin mutane zai ci su.

Asabar, 10 ga Mayu

Ɗaurin aure a Idi-Araba. Maigida ya miƙo min R6 Mark II ɗinsa ya ce, "Riƙe wannan yau, ni zan koma wa tsohuwar." Tsohuwar ita ce 5D Mark IV. A kan wadda ya ba ni akwai adafta, a kan adaftar kuma tsohon 70-200 f/2.8 ɗinsa na zamanin kamara mai madubi, wanda ya girmi aikina.

A nan na tsaya na fahimci wani abu da na daɗe ina ji sama-sama. A tsohon tsarin Canon mai suna EF, tazarar da ke tsakanin bakin kamara da sensa milimita 44 ce, saboda madubi yana buƙatar wurin da zai ɗaga ya sauka. Da aka cire madubi a tsarin RF a 2018, tazarar ta dawo 20. Adaftar ba gilashi a cikinta, zobe ne kawai da ke cike gurbin 24 ɗin nan ya kuma sada wayoyin lensi da na kamara. Don haka lensin bai rasa komai na kyan hoto ba, har ma ya ƙaru, tunda yanzu a kan sensa ake yin fokas, ga bin ido. Tun 1987 ake ƙera lensin EF. Duk mai hoton da ya yi shekara goma a Legas da Canon yana da biyu ko uku a jaka, shagunan kayan hannu kuma cike suke da su.

Ta ɗaya ɓangaren, sababbin lensin RF masu kyau tsadarsu ta fi ƙarfina. Sai a 2024 Canon ta bar Sigma da Tamron suka fara yi wa bakin RF lensi mai fokas da kansa, shi ma na ƙananan sensa kaɗai. Wanda ya shiga Canon da aljihu irin nawa, ta ƙofar adafta zai shiga, ya kuma yarda da ƙarin tsawo da nauyi a wuya.

Aikin yau mai wuya ne ta wata fuska. Rana tsaka, ƙofar masallaci, manyan riguna farare na shadda suna ƙyalli, fuskoki baƙaƙe a ƙarƙashin inuwar hula. In ka bi riga fuska ta nutse, in ka bi fuska aikin zaren rigar ya ƙone. Na ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba, na ɗan rage haske, da daddare na ɗaga inuwar a kwamfuta, fuskar waliyyin ango ta fito da tsagenta ba tare da ƙura ba. Tawa ma tana yin wannan da rana, gaskiya. Bambancin da na gani ƙarami ne.

Abin da ya fi komai shiga raina ƙaramin abu ne. Wajen azahar batirin ya yi ƙasa, yaron maigida ya ciro ɗaya daga aljihu ya jefo min, na tsohuwar 5D, ya shiga daram. Siffar batirin nan ba ta canza ba tun 5D Mark II ta 2008. Tsohon ba ya ba da cikakken saurin harbi, amma kamara ta tashi, aiki ya ci gaba. Na tuna wayar fawabank tana reto a ƙirjina.

Laraba, 14 ga Mayu

Na wanke hoto goma sha biyu a girman shafin albam, huɗu daga kowace kamara, na rubuta lamba a baya da fensir. Na baza su a tabarma na kira maiɗakina da ƙanwarta da wata maƙwabciyarmu mai yi wa amare lalle. Na ce su ware waɗanda suka fi kyau.

Ba su bi kamara ba ko kaɗan. Sun bi murmushi, sun bi wanda ɗaurin ɗankwali ya zauna, sun ajiye wani mai kaifi sosai saboda an kama mai jego tana hamma. Cikin biyar da suka zaɓa, biyu na Fuji ne. Mai lallen ta daɗe riƙe da ɗaya da na ɗauka da 56 f/1.2, ta ce a nan ne jan lallen ya fito yadda yake a hannu. Na ji daɗi har cikin raina, don launin fata da na atamfa shi ne abin da ya sa na so kamarar nan tun farko. Sau da yawa hoton da ta fitar kai tsaye nake tura wa mutane ba tare da na taɓa shi ba.

To, in don kyan hoto da rana ne, ba ni da dalilin motsawa.

Talata, 20 ga Mayu

Ruwa kwana biyu a jere. Na fito da kaya zan goge, na haska 35 f/1.4 da tocilan waya ta baya, sai ga wasu siraran zare kamar saƙar gizo-gizo a gefen gilashin ciki. Funfuna ce. Na daɗe ban hau da shi ba, yana ƙasan jaka, jakar kuma a kusurwar ɗaki take kusa da bangon da ke tsatsafo da damina. Mu da muka taso a arewa ƙura muka sani, ita muke yi wa tanadi. Laimar Legas kuwa shiru take aikinta, duhu da danshi da rashin iska kawai take nema.

Na kai shi wurin mai gyara a cikin Eko. Ya ce da sauƙi tunda ba ta ci rufin gilashin ba, in ta daɗe takan bar tabon da ba ya fita. Ya buɗe ya wanke. A hanyar dawowa na sayi akwatin roba mai rufewa ruf, da ƙullin silika, da ɗan agogon auna laima. Ana so ta zauna tsakanin 40 da 50 cikin ɗari. Da na ajiye agogon a ɗakin kafin in sa shi a akwati, ya haura 80. Ko wace kamara zan koma, durowar busar da kaya mai aiki da lantarki ta shiga lissafi, kuma gabanin sabon lensi take.

Duk wanda zan sayar wa 35 ɗin nan sai na gaya masa an taɓa buɗe shi. Wataƙila ma ba zan sayar ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na ba zama a gidan Fuji haƙƙinsa, na yi lissafin X-T5. Ta fito a 2022 a dala 1,699, megafiksel 40, tana riƙe girgizar hannu, bin idonta ya fi na tawa nesa. Lensina uku duk za su hau, hannuna ba zai koyi komai sabo ba, ba zan sayar da komai da asara ba. A kuɗi ita ce hanya mafi sauƙi, babu tantama.

Abu biyu suka rage mata ƙarfi a wurina. Batirinta daban ne da nawa, tun daga X-T4 aka canza zuwa babba, don haka shidan nan ba za su bi ni ba ko na zauna. Sannan ranar Asabar a zauren biki ni kaɗai ɗin dai zan kasance. In lensi ya faɗi ƙarfe tara na dare, babu jakar da zan miƙa hannu. Da a situdiyo nake aiki ni ɗaya, ko hoton titi nake yi don kaina, da na rufe wannan littafi yau na sayi X-T5. Amma abincina a cikin ayari yake, aiki bakwai cikin goma tare da maigida nake yin su.

Na kira shi na gaya masa inda tunanina ya karkata. Ya ce, "Kada ka canza don ni. Gobe kana iya buɗe naka." Na ce, "Yallaɓai, ko na buɗe nawa, yaran da zan ɗauka a garin nan abin da suka iya riƙewa ke nan." Ya yi shiru, sannan ya ce in na tashi zai bar min tsohon 24-70 ɗinsa in riƙa biya a hankali.

Talata, 3 ga Yuni

An ɗage komai sai bayan sallah. Na je Oko-Oba na tsayar da ragon layya, abin da ya rage a asusu ya ragu sosai. Sallah Juma'a ce, 6 ga wata. Ina da hoton iyali gida huɗu a Agege da ɗaya a Ogba, duk da Fuji zan yi su, batura shida a cike tun yau.

Laraba, 18 ga Yuni

Na yanke. Canon, ta hanyar adafta, kuma a hankali.

Sony ba ta gaza a komai ba, in ma bidiyo ne gaba a aikina da ita zan bi, tunda masu bidiyonmu can suke. Amma hoto ne kashi mafi yawa na abin da ake biyana, kuma mutanen da ke tsaye kusa da ni da kamarar hoto Canon ce a hannunsu. Na duba R6 ta farko ta 2020, ta fi araha, sai dai an yi ta magana a duniya kan ɗaukar zafinta wajen dogon bidiyo tun fitowarta, zauren biki a Legas kuma ba wurin sanyi ba ne. EOS R da RP na cire su tun farko saboda gurbin katin ajiye hoto ɗaya gare su. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Kati biyu nake so kowane hoto ya sauka a kansu lokaci guda, kamar yadda na saba a X-T3.

Na samu R6 Mark II ta hannu wurin wani mai hoto da zai bar ƙasar. Awa biyu muka yi a zaune. Na sa aka duba adadin harbin shota a kwamfuta. Na rufe lensi zuwa f/16 na ɗauki farin bango don ganin datti ko tabo a sensa, na rufe murfi na ɗauki baƙi don ganin ɗigon da ya mutu. Na gwada gurbin kati biyun, da takalmin filashi, da kowane maɓalli, na bar ta tana bidiyo minti ashirin. Na shinshina gurbin batir ma, don kayan da ruwa ya taɓa ba sa ɓoye warinsu. Na nemi rasit na asali, lambar jikinsa ta dace da ta kamarar. Sai da na gama duk wannan na tura kuɗi.

Kuɗin daga ina? X-T30 da 16-55 sun tafi wurin wani ɗalibi da ke koyon fim a Yaba, wanda Fuji yake nema da gangan, kuma ya biya abin da ya fi tayin shago nesa ba kusa ba. Mako uku na yi ina jiran irinsa. Na haɗa da kuɗin aikin sallah da adashin da na kwasa a watan nan, yayana ya cika min ragowar zuwa Oktoba. Kuɗin haya yana nan yadda yake.

Filashi bai ci kuɗi ba yadda na ji tsoro. AD200 ba ruwansa da irin kamara, tiriga kawai na canza zuwa ta Canon. Na kan kamarar ƙafarsa ta Fuji ce, don haka ya koma kan sanda, daga nesa zai riƙa amsa tiriga.

X-T3 da 56 da 35 suna nan. Na ɗauko 56 ɗin zan yi masa hoton talla, na juya zoben na ji ƙarar nan ƙas-ƙas da na saba, na mayar da shi akwati. Da shi na ɗauki mahaifiyata a zuwanta na ƙarshe Legas.

Lahadi, 29 ga Yuni

Jiya kamu da dina a Agege, zaure ɗaya, aiki na farko da kamara biyu masu tsari daban. Canon da 24-70 a dama, Fuji da 56 a hagu. Kwana goma na yi ina atisaye a gida, ina bin yara da ita a tsakar gida har suka gaji da ni. Na mayar da maɓallin bin ido ƙarƙashin babban yatsa, na ajiye saiti guda na musamman don shigowar amarya: 1/250, f/2.8, ISO a sake har 12800.

Da aka kashe fitilu na murɗa zuwa saitin nan ba tare da na duba ba. Cikin hoto talatin da ɗaya na shigowar, ashirin da shida sun kama ido. Amma na yi wani kuskuren. Na bar ta a shotar lantarki marar ƙara tun wurin kamu, sai allon fitila da ke bayan kujerar ango da amarya ya zana layi-layi a wasu hotuna, abin da fitilun LED ke yi idan sensa tana karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, balle a wutar janareta. Na lura da wuri na koma shotar ƙarfe. Zoben zum ma yana juyawa ne saɓanin na Fuji, sau uku ina son matsowa ina ja da baya.

Wuyana yana ciwo yau. Bodi da adafta da 24-70 sun fi abin da na saba nauyi sosai, sai na nemi ɗamarar kafaɗa biyu kafin Asabar. Launin fata a hotunan kamara biyun bai zo ɗaya ba, na yi awa uku ina daidaita su don kada albam ya rabu gida biyu, kuma sai na gina saitin launi na kaina kafin aikin ya yi sauri.

Wajen ƙarfe goma yaron maigida ya zo da sauri, batirinsa ya mutu ana shirin yanka kek. Na ciro ɗaya daga aljihun gaban riga na miƙa masa.

Saura: ɗamara, durowar busar da kaya, biyan farko na 24-70 a ƙarshen Yuli. Agogon cikin akwati yana kan 46.